Baƙaƙen layuka da jan akwati a bangon falo: ado ne ko dai Turawa sun raina mana hankali?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Wata biyu ke nan da muka tare, amma bangon da ke bayan doguwar kujera a falo har yau fayau yake. Na ga wani zane a intanet ya kwanta min a rai: farin fili ne da baƙaƙen layuka, wasu a tsaye wasu a kwance, sai ƙaton gida ja daga sama ta dama, ƙaramin shuɗi daga ƙasa ta hagu, da ɗan ɗigon rawaya a can lungu. An rubuta sunan mai zanen Piet Mondrian, shekarar 1930. Da na nuna wa Abban Ilham sai ya kwashe da dariya, wai wannan ai ƙarfen taga ne aka liƙa wa leda, kuma Ilham da take aji biyu za ta zana shi in aka ba ta rula. Don Allah masu sani, da gaske wani abin kirki ne ko ni ce idona ya ruɗe? Kuma zai shiga da kujeru ruwan ƙasa da labule ruwan gwal? In buga shi a firam ko in sa mai fenti ya zana a jikin bango?

Dan_Kurmi77:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya maigida ya faɗa. Ki ba ni dubu biyar da gwangwanin fenti uku, kafin la'asar na gama miki.

Ummu_Sultan:
Ni kam yana burge ni. Ƙanwata ta sa irinsa a ɗakin cin abinci, wajen ya yi wani irin sanyi a ido. Amma labulen gwal ɗin nan ne ban sani ba.

Akitet_Zazzau:
Maman Ilham, idonki bai ruɗe ba. Dan_Kurmi, na karɓi tayinka, amma da sharaɗi: kada ka kwafa, ka zauna ka tsara naka daga kanka. A ajinmu na farko a jami'a an ba mu irin wannan aikin, baƙin takarda da ja da shuɗi da rawaya da almakashi. Mu fiye da arba'in, kowa ya ce sauƙi ne. Da aka jera a bango sai ga na wani kamar allon ludo, na wani kamar tutar wata ƙasa, nawa kuwa kamar rigar 'yan ƙwallo. Wahalar ba a jan layi take ba, tana wajen sanin inda layin zai tsaya. Ki duba zanen da kika gani: jan nan ya kusa cinye filin duka, amma bai rinjayi zanen ya kifar da shi gefe guda ba, saboda ɗan shuɗin da ke ƙasa da kaurin layukan sun riƙe shi. Layukan ma ba kaurinsu ɗaya ba. Ki rufe rawayan da yatsa ki sake kallo, za ki ji wani abu ya tafi.

Sannan mutumin ba don bai iya zane ba ya koma ga layi. An haife shi a Amersfoort ta ƙasar Holan a 1872, ya yi shekaru yana zana gonaki da koguna da injin niƙa mai aiki da iska. Ki nemi bishiyoyinsa ki jera su: jar bishiya ta wajen 1908, bishiya mai ruwan toka ta 1911, da bishiyar tuffa mai fure ta 1912. Za ki ga rassan suna ta raguwa, suna zama layuka, har bishiyar ta ɓace ya rage tsayuwa da kwanciya kawai. Sai da ya kusa shekara hamsin ya iso ga salon da kika gani.

Dan_Kurmi77:
To Akitet, shekara hamsin mutum yana wahala don ya iso inda ɗan firamare ya fara. Allah ya ba da lada.

Bash_Delft:
Hahaha Dan_Kurmi ba ka da dama. Ni ma da haka nake cewa kafin karatu ya kawo ni Holan. Wani abokina ya ja ni gidan adana zane na birnin Hague, inda suka fi kowa tarin ayyukan Mondrian a duniya. Abin da hoto a waya ba ya nunawa shi ne, farin nan ba fari ɗaya ba ne. Wani gidan ya ja zuwa toka-toka, wani zuwa ruwan madara, kuma kana ganin sawun buroshi, wani a kwance wani a tsaye. A wasu zanukan baƙin layin ma bai kai bakin allon ba, ya tsaya saura kaɗan. Na ga na ƙarshensa da bai gama ba ya mutu a New York a 1944, har yanzu guntayen tef masu launi suna manne a jiki, da su yake gwadawa yana matsarwa. A nan na yarda mutumin aunawa yake da ido, ba lissafin rula ba. Don haka Hajiya ki sani, abin da za a buga miki inuwarsa ce kawai, amma inuwar ma tana da kyau.

Hajjo_Fagge:
Ni tambayata ɗaya, nawa ake sayar da na asalin?

Bash_Delft:
Anti Hajjo ki zauna tukuna kafin in faɗa. A watan Nuwamba na 2022 an yi gwanjon wani nasa na 1930 a New York, ɗan uwan wanda Maman Ilham ta gani, dala miliyan 51. Na Malevich ɗan Rasha kuwa an sayar da wani a 2018 sama da dala miliyan 85.

Hajjo_Fagge:
Inna lillahi. Dan_Kurmi maza ɗauko rularka.

Malam_Sabo_Tarihi:
Tunda an ambaci Malevich, bari in sa baki, don shi ne ya fi kowa kai abin ƙarshe. A Disambar 1915 a birnin Petrograd, wanda yanzu ake kira Saint Petersburg, ya baje wani zane da ba komai a cikinsa sai baƙin murabba'i a kan farin fili. Inda ya rataye shi ne abin lura: can sama a kusurwar ɗaki, daidai wurin da Kiristocin Rasha suke ajiye hotunan waliyyansu a gidajensu. Kowa a wurin ya gane saƙon, shi ya sa aka yi ta cece-kuce. Zanen yana gidan Tretyakov a Mosko yanzu, fentin ya tsattsage har ana hango wasu launuka a ƙarƙashi.

Abin da nake so Maman Ilham ta sani shi ne, mutanen nan ba su raba zane da kayan gida ba tun farko. A Holan, Theo van Doesburg ya kafa mujallar De Stijl a 1917, Mondrian yana cikin waɗanda suka faro ta, kuma burinsu gida da kujera da bango da zane su zama abu ɗaya. A Rasha, Liubov Popova da Varvara Stepanova sun shiga masaƙa a Mosko wajen 1923 suna tsara zanen yadi don talakawa su saka. Shi kansa Malevich ya tsara butar shayi ta tangaran. A Jamus makarantar Bauhaus, da Walter Gropius ya buɗe a Weimar a 1919, tana da sashen saƙa da na kafinta da na ƙarfe, har 'yan Nazi suka matsa aka rufe ta a 1933. Saboda haka sa shi a falo ba ƙasƙantar da shi ba ne.

Abu_Huzaifa:
Ni ta wani ɓangaren nake kallon abin. Da yawanmu muna guje wa rataya hoton mai rai a ɗaki saboda hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Kuma Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane, in ya zama dole ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. To wannan ko bishiyar ma babu. Ya fi min hoton dawaki da zakunan da ake sayarwa a bakin titi nesa ba kusa ba.

Ummu_Sultan:
Wallahi dalilin ƙanwata ke nan. Mijinta ya cire duk hotunan biki daga falo, bango ya zama kamar na asibiti.

Nazir_Gwale:
Abu Huzaifa, amma fa a yi bincike. Na karanta cewa Mondrian ɗan wata ƙungiyar asiri ce, kuma layukan suna da ma'ana a aƙidarsu. Kada mutum ya rataya abin da bai sani ba.

Malam_Sabo_Tarihi:
Nazir, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ka ƙara gishiri. Ya shiga ƙungiyar Tiyosofi a 1909, ba ɓoyayyiya ba ce, masu haɗa falsafar addinai daban-daban ne, kuma tunaninsu ya shafi Kandinsky, wani mai zane ɗan Rasha, shi ma. Shi a ganinsa layin tsaye da na kwance kishiyoyi ne da suke daidaita juna. Wannan ra'ayinsa ne. Zanen ba laya ba ne, ba kuma wanda yake bauta masa. Abin da zan ce a lura da shi, Malevich yana da wani zanen baƙin gicciye ƙarara, wanda bai so sai ya tsallake shi. Hukunci kuma na malamai ne, ni tarihi na karanta.

Abu_Huzaifa:
Haka ne. In don layi ya gitta layi ne, to tagogin gidajenmu ma sai a cire.

Yar_Damagaram:
Ku dai kuna ta Holan da Rasha. Ku zo unguwar Birni a Zinder ku ga bangon gidaje, ko ku shiga tsohon garin Zariya. Faifai da tabarma da hula da aska takwas a gaban riga fa? Mu muka riga su, kwafa suka yi suka sa suna.

Akitet_Zazzau:
'Yar uwa, rabin maganarki na karɓa hannu bibbiyu. Ado da siffofi ba tare da hoton mai rai ba, mun daɗe muna yi, masallatan duniyar Musulmi ma sun fi shekara dubu a kai. Kuma gaskiya ne wasu masu zanen Turai sun ɗebo daga Afirka: Picasso ya ga sassaƙen fuskoki na Afirka a gidan tarihi na Trocadéro a Paris a 1907, Paul Klee kuma ya je Tunisiya a 1914 ya dawo da zanuka masu gida-gida na launi. Amma Mondrian hanyarsa a bayyane take, daga bishiyoyin nan ne zuwa Paris inda ya haɗu da salon su Picasso.

Kuma in kin lura, ginin abin ya bambanta. Namu yana son maimaici da daidaito: in magini ya yi dagi a dama zai yi a hagu, layi yana lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin ɗan uwansa ya fito, ba a barin fili. Shi Mondrian gudun wannan daidaiton yake yi, ba lanƙwasa, ba maimaici, kuma fili shi ne rabin aikin. Shi ya sa idon Bahaushe yake ganinsa kamar ba a gama ba. Idon da ya tashi da jeren kwalla da kwano har rufin ɗaki, dole farin fili ya yi masa kama da talauci.

Yar_Damagaram:
To na ji. Amma ni da za a ba ni zaɓi, bargon saƙi zan rataya, ba na Bature ba.

Hajjo_Fagge:
Maganar jere ta tuna min. Ranar da aka je yi wa 'yar yayata jere a Abuja, gwaggonninta suka tarar da irin wannan zanen ango ya riga ya kafa. Suka cire shi suka sa agogo mai ruwan gwal, shi kuma aka jingine shi bayan firij. Sai da aka watse ango ya mayar da abinsa.

Sani_Mai_Fenti:
Bari mai sana'a ya yi magana, don tambayar Hajiya ta uku ba wanda ya taɓa. Shekarata goma sha huɗu ina fenti. In za ki ji tawa, kada ki fara da bango. Ranar da ya ishe ki, rufe baƙin layi da jan fenti sai an yi shafi uku ko huɗu, wani lokacin ma yana leƙowa. Gara allo ko kyanbas a firam, in kin gaji ki sauke.

In kuma kin dage sai bango, ga abin da za ki tsaya a kai. Bangon ya sha sikirin ya yi sumul, don a kan filasta mai ƙurji layi ba ya miƙewa. A ja layi da ma'aunin ruwa, kada a bi silin ko tayil, yawancin gine-ginenmu a karkace suke. A liƙa tef na takarda, sannan, nan ne sirrin, a fara shafa farin fentin bangon a bakin tef ɗin a bari ya bushe kafin a sa baƙi. Farin ne zai toshe ƙofofin da fenti ke zurarewa. A cire tef tun fentin bai gama bushewa ba. Kuma a sa fenti mai wankuwa, ba imalshan na gama-gari ba, saboda hunturu da hannun yara.

Zee_Kaduna:
Malam Sani ina ma na ga wannan bara. Na sa wani ya yi min a ɗakin yara, na tura masa hoto a waya na tafi aiki. Na dawo na tarar ya ƙara kore da ruwan hoda, wai ya ga wurin ya yi fari da yawa kada in ce ya ci kuɗina. Layukan kuma kamar sawun maciji. Kuka ne kawai ban yi ba.

Bash_Delft:
Kore! Da Mondrian zai gani da ya suma, don a wannan salon nasa ja da shuɗi da rawaya ne kaɗai, sai baƙi da fari da toka-toka. Mutumin da ya raba gari da van Doesburg wajen 1924, kuma cikin abin da ya haɗa su har da layin da ke tafiya a karkace. Ka ji rigima, abota ta lalace a kan layi ya jirkice.

Dan_Kurmi77:
Ni fa har yanzu ban ga abin da ya hana a juya shi ƙasa ta koma sama ba. Wa zai gane?

Malam_Sabo_Tarihi:
Dan_Kurmi, a nan kam ka samu. A 2022 wata ma'aikaciyar gidan zane a Düsseldorf ta Jamus ta gano cewa wani aikin Mondrian na 1941, wanda ya yi da tef masu launi, a kife aka rataye shi sama da shekara 70. Wani tsohon hoton ɗakin aikinsa ne ya nuna layukan da suka cunkushe a sama suke, ba a ƙasa ba. Kuma sun bar shi a kifen, don tef ɗin ya saki, in aka juya zai iya zubewa.

Dan_Kurmi77:
Alhamdulillah. Masana da digirorinsu shekara saba'in. A rubuta a ajiye, yau na ci muhawara.

Akitet_Zazzau:
Ka ci zagaye ɗaya dai. Aikin ba a gama shi ba, bai ma sa hannu a kai ba, shi ya sa.

Mu koma kan labulen Maman Ilham, don nan matsalar take. Hajiya, zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye: Mondrian da labulen gwal mai tattara da kujeru masu sassaƙa da silin mai hawa uku da fitilu masu canja launi, faɗa za su yi, kuma shi zai sha kashi. Yana son sarari. Ko a Turai an gwada cika wuri da salon an ji jiki. A 1928 van Doesburg da Sophie Taeuber-Arp da mijinta suka ƙawata wani wurin shaƙatawa mai suna Aubette a Strasbourg ta Faransa tun daga bango har rufi, masu zuwa suka ƙi shi, cikin shekara goma aka rufe adon. Gidan da Gerrit Rietveld ya gina a Utrecht ta Holan a 1924 ya yi nasara ne don komai na ciki an tsara shi tare, har bangon ɗakunan sama turawa ake su buɗe, kuma matar da aka gina wa gidan, Truus Schröder, ta zauna a ciki har 1985.

Da kujeru ruwan ƙasa, ni da Klee zan ba ki shawara, masu gida-gidan nan ruwan ƙasa da ruwan goro da shuɗi mai duhu, ko da'irorin Kandinsky. In kuma zuciyarki na kan Mondrian, to guda ɗaya babba, faɗinsa kamar kashi biyu cikin uku na kujerar, firam siriri baƙi ko fari, ba mai gwal ba. Tsakiyarsa ta zo daidai ido, wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, in kujerar ta bari. Mu mun saba kai firam kusa da silin kamar muna ɓoye shi daga yara.

Zee_Kaduna:
Ai daga yaran muke ɓoye shi, Akitet. Ka zo gidana ka rataya abu a santimita 145 ka ga abin da zai faru kafin magariba.

Tela_Rabi:
Ni tela ce, ga tawa mai araha. Ba sai an buga komai ba. Ragowar yadi fari da ja da shuɗi da rawaya, baƙin bayas a tsakani, rigar filon kujera biyu, an gama. Na yi wa wata amarya, kowa ya zo sai ya tambaya. In bai yi ba kin yi asarar yadi ɗaya ne kawai.

Malam_Sabo_Tarihi:
Hajiya Rabi, kin bi sawun manya ba ki sani ba. Mai zane Sonia Delaunay a Paris, a 1911, bargon jariri ta haɗa wa ɗanta da guntayen ƙyalle irin na matan ƙauye a Yukiren, ƙasar da aka haife ta, kuma daga nan salonta ya tashi. A 1965 kuma mai tsara tufafi Yves Saint Laurent ya fitar da riguna masu zanen Mondrian sak.

Tela_Rabi:
Ikon Allah. To a gaya wa masu raina ɗinkin haɗe-haɗe.

Auwal_Printing:
Ƙarin bayani ga mai son bugawa: kada ki yarda a buga miki a ledar bana irin ta 'yan siyasa. Tana ƙyalli, kuma in rana na dukanta jan zai koɗe ya koma ruwan hoda. Ki ce kyanbas kike so ko takarda marar sheƙi. Ki nemo hoto mai nauyi, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, in ba haka ba bakin layukan zai fito da haƙora. Kuma ki tsaya a kansu kada su ja hoton ya cika firam, zanen nan kusan murabba'i ne, in aka miƙe shi ya lalace. Gilashi yana tare ƙura amma yana ɗaukar hasken taga, sai ki duba inda tagarki take.

Maman_Ilham:
Kai, na gode ƙwarai 'yan uwa, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Jiya da daddare na bi dabarar ajin su Akitet. Na sayo kwali ja da shuɗi da rawaya da baƙin tef, na ce wa Abban Ilham tunda ya ce aikin yara ne, bismillah, ga farin kwali. Ya fara yana dariya. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce yana durƙushe a kan kafet yana matsar da jan nan, ya ce in ya sa shi a tsakiya ya yi kama da tutar Japan, in ya kai shi gefe kuma ɗaya ɓangaren ya yi nauyi. Ilham ta gama nata cikin minti biyar, ta ƙara rana da kyanwa. Na jingina nasa a bayan kujera don in gwada, kuma gaskiyar Akitet ce, da labulen gwal ɗin ba sa ga maciji. Labulen kuma Hajiyarsa ce ta saya mana, kun ga ba mai taɓa shi. Yanzu ina tunanin ko in kai zanen ɗakin cin abinci, falo kuma in duba Klee ɗin.

Dan_Kurmi77:
A gaishe da maigida, a ce masa ya ba mu kunya.

Yar_Damagaram:
Labulen gwal da bargon saƙi dai ba su taɓa faɗa ba. Ina nan ina jira ku gama zagayenku.

Ummu_Sultan:
Maman Ilham, in kin tashi turo hoton ɗakin cin abincin mu gani, da faɗin bangon. Malam Auwal, kyanbas mita ɗaya da firam nawa yake kamawa yanzu?